Gurbi Na Shida: Inda Ciwon Sikila Ke Farawa

Duk wanda ya bi titin Abuja zuwa Keffi, da zarar ya wuce Nyanya ya shiga Mararaba, zai ga allunan ɗakunan gwajin jini sun jeru tsakanin kemis-kemis da shagunan waya. Abin da ke rubuce a jikinsu kusan iri ɗaya ne: maleriya, taifod, gwajin ciki, rukunin jini, sai jinotaif. Wannan na ƙarshen ne ke kawo saurayi da budurwar da aka kusa sa musu rana, wasu da umarnin iyaye, wasu da na limami ko fasto. A ɗibi ɗan jini, a ce su dawo anjima, a miƙa wa kowa takarda mai haruffa biyu. In AA ce, sai hamdala. In AS ta gamu da AS, sai ka ji an ce "jininsu bai haɗu ba", wani gidan a mayar da kayan sa rana, wani gidan kuma a rufe ido a ce Allah zai tsare.

Kaɗan ne daga cikin masu karɓar takardar suka san abin da haruffan ke nunawa. Tsakanin A da S akwai bambancin ƙwaya guda ɗaya tak daga cikin 146 da ke jere a wata sarƙa a cikin jini, ƙwayar da ke zaune a gurbi na shida. Kukan yaron da ke murƙususu tsakar dare yana riƙe da ƙafa, da ledar jinin da ake ta cigiya a asibiti, da auren da aka fasa, duk daga wannan gurbin suka taso. Ina ganin iyayen da ke jinyar irin waɗannan yaran sun cancanci a yi musu bayanin abin dalla-dalla, domin kusan duk shawarar da likita ke ba su a gurguje, ta shan ruwa da guje wa sanyi da hanzarta maganin zazzaɓi, tana da dalilinta a can ciki.

Yadda sarƙa ke naɗe kanta

Mafi yawan ayyukan jiki furotin ne ke yin su. Shi ke narkar da abinci, shi ke motsa tsoka, shi ke ɗaukar iska a jini. Kowane furotin sarƙa ce da aka jera daga ƙananan ƙwayoyi iri 20 da ake kira amino asid. Gadon bayansu iri ɗaya ne, amma kowace tana da reshen da ya bambanta ta da sauran. Wani reshen yana ɗauke da cajin lantarki na nagatif, wani na fozitif. Wani yana shiri da ruwa. Wani kuma halin mai gare shi, ba ya jituwa da ruwa sam.

Sarƙar ba ta zama a miƙe. Da an gama haɗa ta sai ta naɗe kanta ta ɗauki wata siffa ta musamman, kuma rassan nan ne ke jan ragamar naɗin. Uwargidan da ta taɓa ɗiga man gyaɗa a ruwa ta ga babban sirrin: ɗigon mai ba ya watsuwa, neman ɗan'uwansa yake yi su dunƙule, don ruwa ya ƙi karɓarsu. Haka rassan masu halin mai ke tattaruwa su ɓuya a tsakiyar furotin, masu caji kuma su fito fili su fuskanci ruwan jiki. Inda nagatif ya kusanci fozitif sai su riƙe juna, abin da masana ke kira gadar gishiri. Akwai kuma wani riƙo marar ƙarfi na haidurojin da ke murɗe sassan sarƙar su zama kamar zaren da aka nannaɗe. Kowane riƙo shi kaɗai ba wani ƙarfi gare shi ba. Yawansu ne ke tsayar da siffa, rauninsu kuma shi ke ba furotin damar motsi. Ba'amurke Christian Anfinsen ya samu kyautar Nobel a 1972 saboda nuna cewa jerin ƙwayoyin ne da kansa ke ƙayyade siffar, a 2024 kuma aka ba Demis Hassabis da John Jumper rabin kyautar saboda manhajar AlphaFold mai hasashen siffa daga jeri.

Furotin ɗin da ya shafe mu a nan shi ne himogulobin, wanda ya ba jini launinsa. A cikin kowace jar ƙwayar jini akwai kwatankwacin miliyan 270 nasa. Sarƙoƙi huɗu ne suka haɗu suka yi shi: alfa biyu masu ƙwayoyi 141 kowace, da beta biyu masu 146 kowace, jimla 574. Kowace sarƙa tana rungume da ɗigon ƙarfe guda, inda iskar oksijin ke sauka. Max Perutz ya fara binciken siffarsa a Jami'ar Kambirij ta Ingila a 1937, bai ga hoton da yake nema ba sai 1959, aka ba shi Nobel a 1962.

Abin da aikin Perutz ya bayyana daga baya shi ne himogulobin na da tsayuwa biyu. In ya isa huhu oksijin ta hau kan ƙarfen, sai ƙarfen ya ɗan gusa, ya ja wata amino asid mai suna histidin da ke riƙe da shi, ita kuma ta ja sashen sarƙar da take ciki. Wannan ɗan motsin ke tsinka gadojin gishirin da suka ɗaure sarƙoƙin, sai rabin furotin ɗin ya juya a kan ɗaya rabin da kimanin digiri 15. In ya isa tsoka ko ƙashi ya sauke oksijin, gadojin su sake ƙulluwa, ya koma tsayuwar farko. Wannan juyi yana faruwa a jikin kowannenmu dare da rana ba tare da mun sani ba.

Ramin da ke jikin kowa

A tsayuwar da himogulobin ya sauke iska, wani ɗan rami yana bayyana a gefen sarƙar beta, tsakanin ƙwayoyi biyu masu halin mai: fenilalanin a gurbi na 85 da lusin a gurbi na 88. Ramin nan yana jikin mai AA kamar yadda yake jikin mai SS. A jikin mai AA ba ya jawo komai, saboda babu abin da zai shiga cikinsa. Gurbinsa na shida, wanda ke can waje yana fuskantar ruwa, gulutamik asid ce ke zaune a ciki, mai cajin nagatif, mai son ruwa, ba ruwanta da rami mai maiƙo.

A himogulobin S kuwa, harafi ɗaya ya sauya a ƙwayar gado da ke kan kuromozom na 11, GAG ya koma GTG, sai wata amino asid mai suna balin ta maye gurbin gulutamik asid. Balin ƙarama ce, ba ta da caji, kuma halin mai gare ta. Ga ta a fili inda ruwa ya kewaye ta, tana neman mafaka. Muddin akwai oksijin, ba ta samun wurin shiga yadda ya kamata. Da zarar an sauke iskar, sai balin ta wannan himogulobin ta faɗa ramin maƙwabcinsa, ta maƙwabcin ta faɗa ramin na gaba, a haka a haka har su yi dogon jeri. Jeri biyu su manne, irin waɗannan tagwayen guda bakwai su murɗe su zama igiya mai zare 14, mai tauri. Igiyoyin su cika ƙwayar jinin, su tokare bangonta daga ciki, ta lanƙwashe kamar lauje.

Lafiyayyar ƙwayar jini faɗinta bai wuce kashi 8 cikin 1,000 na milimita ba, kuma dole ta ratsa ƙananan jijiyoyin da wasunsu suka fi ta ƙunci. Laushinta ke fid da ita. Wadda ta cika da igiyoyi ba ta lanƙwasuwa, kuma bangonta ya lalace yana manne wa jikin jijiya. Sai hanya ta toshe, naman da ke gaba ya rasa iska, rashin iskar ya sa wasu ƙwayoyin su ma su sandare. Wannan shi ne abin da iyaye ke cewa "ciwon ya tashi". Ƙwayar da ke shan wannan wahala ba ta daɗewa: maimakon kwana 120, tana mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20. Daga nan ƙarancin jini yake, da idon da ke yin ɗorawa, da yawan ƙarin jini.

Tseren daƙiƙa guda

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, tunda jini yana sauke iska a kowane zagaye, me ya sa mai SS ba ya cikin ciwo kullum? Amsar ta fito a 1974 daga William Eaton da James Hofrichter da abokin aikinsu Philip Ross a cibiyar binciken lafiya ta Amurka. Sun gano cewa igiyar ba ta haɗuwa nan take. Akwai jinkiri. Sai ƙwayoyin himogulobin da dama sun taru sun kafa tushe kafin jerin ya fara tsawo, daga nan ne abin ke bazuwa da sauri. Ita kuwa ƙwayar jini, kimanin daƙiƙa guda take yi a cikin ƙaramar jijiya. In jinkirin ya fi wannan lokacin tsawo, ta tsira, ta fita zuwa babbar jijiya, ta koma huhu, oksijin ta warware duk abin da ya fara ƙulluwa. In jinkirin ya gajarta, ko tafiyarta ta yi nawa, sai igiyar ta riske ta a ƙuntataccen wuri.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne yadda jinkirin ya dogara da kaurin himogulobin a cikin ƙwayar. In kaurin ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 kacal, jinkirin na iya gajarcewa fiye da ninki goma. Ƙwayar da ta ɗan tsotse ta rasa ruwa tana cikin haɗarin da ya ninninka na 'yar'uwarta.

A nan ne nake so mai karatu ya dubi rayuwar Mararaba da idon basira. Dubban mutanen da ke kwana a Mararaba da Ado da Masaka aiki suke yi a cikin Abuja, kuma kowa ya san cunkoson da ke tsakanin Mararaba da Nyanya da hawan Kugbo har zuwa AYA. Matashiya mai SS da ta sami aiki a Wuse ko Garki takan fito tun duku-duku, a lokacin hunturu ta hau acaɓa iska na dukanta. Sanyi yana tsuke jijiyoyin fata, jini ya rage gudu, ƙwayar ta daɗe a inda bai kamata ta daɗe ba. Da yamma a watan Maris ko Afrilu tana cikin mota a cunkushe, gumi na zuba, kuma da gangan ta ƙi shan ruwa don babu inda za ta zaga a hanya. Ga shi ƙodar mai sikila tun yana yaro ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran mutane, fitsarinsa ya fi yawa ko da bai sha ba. Shi ya sa yaran ke yawan fitsarin kwance har su girma, kuma abin takaici ne a ga ana dukan yaro ko ana hana shi ruwan dare a kan abin da ba laifinsa ba. A unguwannin da ruwan sha sai an saya wurin 'yan garuwa ko a leda, umarnin "a riƙa ba shi ruwa sosai" kuɗi ne a kullum.

Zazzaɓi ma ta wannan ƙofar yake shigowa. Zafin jiki da tsamin jini suna sa himogulobin ya saki iska da wuri. Akwai wata histidin a ƙarshen sarƙar beta, gurbi na 146, wadda in jini ya yi tsami take ɗaukar cajin fozitif ta riƙe asfatik asid ta gurbi na 94, riƙon nan kuma yana ɗaure furotin ɗin a tsayuwar da ramin ke buɗe. Ga mai AA wannan alheri ne, don tsokar da ke aiki ta fi samun iska. Ga mai SS, maleriya ko ciwon huhu ko gudun da ya wuce kima na nufin ramuka sun buɗe da yawa a lokaci guda. Batun azumi ma haka: wasu masu sikila suna iyawa, wasu kuwa yini guda ba ruwa ya isa ya kwantar da su, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Hukuncin na likitan da ya san jikin mutum ne, bai kamata kunyar idon jama'a ta yanke shi ba.

Abin da takardar gwaji ke karantawa

Mutanen Afirka ta Yamma sun san ciwon tun kafin a rubuta shi. Likitan Ghana Felix Konotey-Ahulu ya bi sawunsa a zuriyarsu har zuwa 1670. A ƙasar Hausa amosanin jini ake cewa, kuma babu shakka wasu daga cikin matan da aka riƙa kira masu wabi, waɗanda 'ya'yansu ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya tun suna ƙanana, wannan ne ya yi musu ɗauki ɗai-ɗai. A littattafan likitanci, James Herrick na Shikago ne ya fara bayyana ƙwayoyin masu siffar lauje a 1910, a jinin wani ɗalibin likitan haƙori ɗan tsibirin Girenada. A 1949 Linus Pauling da Harvey Itano da abokansu suka sa himogobulin ɗin lafiyayye da na mai sikila a ruwan da aka ratsa da lantarki, suka ga ba sa tafiya da gudu ɗaya. A 1956 da 1957 Vernon Ingram, a ɗakin binciken da Perutz ke jagoranta, ya daddatsa furotin ɗin ya nuna ainihin ƙwayar da ta sauya.

Gwajin da yawancin ɗakunan gwaji na Mararaba da sauran garuruwanmu ke yi jikan gwajin Pauling ne. Ana ɗiga jini a kan wata takarda ta musamman, a kunna lantarki. Himogulobin A, mai gulutamik asid, ya fi cajin nagatif, sai ya fi nisa. S ya rasa wannan cajin, sai ya tsaya a baya. Akwai na uku, C, wanda shi ma gurbi na shidan ne ya sauya, amma laisin ce ta shiga, mai cajin fozitif, don haka shi ne na can ƙarshe. C ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Ghana, ana kuma samun sa sosai a ƙasar Yarbawa. Laisin ba ta shiga ramin, amma C yana tsotse ruwan ƙwayar jini, saboda haka wanda ya gaji S daga ɗaya C daga ɗaya yana da ciwon sikila, ko da yake galibi bai kai SS tsanani ba. A gari irin Mararaba, inda Gbagyi da Gwandara da Hausawa da Ibo da Tibi da Yarbawa ke zaune gida ɗaya suna auratayya, kuskure ne mai AS ya ga AC a takardar masoyiyarsa ya ɗauka an tsira.

Tunda caji kawai gwajin ke karantawa, yana iya ruɗuwa. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin watanni ukun da suka wuce zai nuna jinin wanda ya ba shi. Wutar da ta ɗauke a tsakiyar aiki, ko sinadarin da ya tsufa, ko ma'aikacin da bai sa jinin da aka riga aka san nau'insa a gefe don kwatantawa ba, duk suna iya mayar da AS ta zama AA a takarda. Akwai kuma gadon da ake kira beta talasimiya, wanda mai ɗauke da shi kan fito a matsayin AA a gwajin yau da kullum, amma in ya auri mai AS suna iya haifar ɗa mai sikila. Ba kasafai ake samun hakan ba, sai dai in ya faru, matar ce ake fara yi wa kallon zargi. Kafin a ɓata sunan baiwar Allah, a je babban asibiti, irin Asibitin Ƙasa da ke Abuja ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, a sake gwajin iyayen da ɗan gaba ɗaya.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da na jinotaif. Manufar mai kyau ce, amma doka ba ta fi ingancin ɗakin gwajin da ke bayanta ba. Kuma gwajin da aka yi ana saura mako biyu biki, an riga an kai lefe, zuciya ta riga ta kamu, ya zo a makare. Wurinsa makarantar sakandare, ko ma ranar haihuwa. Sannan a daina faɗin cewa AS da AS "ɗa ɗaya cikin huɗu" za su haifa mai ciwon. Kowane ciki lissafinsa daban, ɗaya bisa huɗu ne kowane karo, don haka akwai gidan da duk yaran suka tsira, akwai wanda uku a jere suka kamu.

Dalilin yawansa a wurinmu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Najeriya duk shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar AS ne. Anthony Allison ya nuna dalili a 1954 a Gabashin Afirka: yaro mai AS ya fi tsira daga maleriya mai tsanani. Ƙwayar jinin da cutar ta shiga takan yi saurin lanƙwashewa, saifa ta tsince ta ta halaka ta tare da abin da ke cikinta. Ita balin ɗin da ke wahalar da mai SS, ita ce ta raya kakanninmu masu AS a daminar da sauro ke kwashe yara. Binciken da Daniel Shriner da Charles Rotimi, ɗan asalin Najeriya, suka wallafa a 2018 ya nuna sauyin ya auku ne sau ɗaya, kimanin shekara 7,300 da suka wuce.

Ɗaya daga cikin hujjoji mafi ƙarfi na yadda SS ke kashe yara, a ƙasar Hausa aka samo ta. A farkon shekarun 1970, ƙarƙashin shirin binciken maleriya na Garki wadda ke Jihar Jigawa a yau, ba Garkin Abuja ba, Alan Fleming da abokan aikinsa sun gwada jinin mutanen ƙauyuka. Sun tarar kimanin jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma a cikin manyan yara da magidanta da ƙyar ake samun ko ɗaya. Sauran duk sun mutu tun suna ƙanana, akasari ba tare da kowa ya san sunan abin da ya kashe su ba.

Ƙwayar da ke ɓata igiya

Jariri mai SS lafiya ƙalau ake haifar sa. Likitar yara Janet Watson ta lura da haka a Burukilin ta Amurka a 1948, ta kuma danganta shi da himogulobin na ɗan tayi, wanda ake kira F. A madadin beta, F yana da sarƙar gama, wadda ba ta da balin a gurbi na shida, kuma a gurbi na 87, daf da bakin ramin, tana da gulutamin a inda beta ke da tironin. Gulutamin ta fi girma, tana tare hanya. Himogulobin da ke da sarƙar gama ba ya shiga igiya, yana dai cin wuri ne ya rage kaurin S, kuma mun ga yadda ɗan ragin kauri ke tsawaita jinkiri. Bayan haihuwa jiki yana rage yin F sannu a hankali, shi ya sa alamun farko, kamar kumburin bayan hannu da ƙafa, ke fitowa daga wata shida zuwa sama.

Maganin da ake kira haidiroksiyuriya aikinsa ke nan, yana sa ɓargo ya koma yin F. Amurka ta amince da shi don masu sikila a 1998, yana kuma cikin jerin muhimman magungunan Hukumar Lafiya ta Duniya. Kano ta taka rawar gani a nan. In babu rigakafi, kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20, kuma a ƙasashe masu arziki ƙarin jini duk wata ake yi don hana hakan, abin da ya fi ƙarfin asibitocinmu. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt, sun auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwar yara da na'urar sauti, suka ware waɗanda ke cikin haɗari, suka ba yara 220 wannan ƙwayar magani. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna ko da ƙaramin awo ne yana rage aukuwar shanyewar ƙwarai. Magani ne da ke buƙatar likita da gwajin jini lokaci-lokaci, ba na saye a kemis a sha kai tsaye ba. Amma har yanzu iyaye da yawa ba su taɓa jin sunansa ba, wasu kuma sun tsorata don an ce musu maganin kansa ne.

Abuja ma tana da nata tarihin. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu, a zamanin Farfesa Charles Wambebe, ta inganta wani haɗin gargajiya da ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta sa masa suna Niprisan. An gwada shi a kan marasa lafiya, aka fara sayar da shi da sunan Nicosan a 2006, sannan kamfanin da aka ba lasisin ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kasuwa shekaru da dama kafin a ba May & Baker lasisi a 2018. A waje kuma an ƙirƙiro Oxbryta, wanda ke manne wa ƙarshen sarƙar alfa ya riƙe himogulobin a tsayuwar da ramin ke rufe. An amince da shi a 2019, amma Pfizer ta janye shi a Satumban 2024 bayan alƙaluma sun nuna haɗarinsa ya rinjayi amfaninsa. A Disamban 2023 Amurka ta amince da hanyoyi biyu na gyaran ƙwayar gado: Casgevy, mai sake kunna F, da Lyfgenia, mai dasa sarƙar beta da aka sa wa gulutamin a gurbi na 87, dabarar da aka kwaikwayo daga jinin ɗan tayi. Farashin da aka sa musu a lokacin, na farko dala miliyan 2.2, na biyu dala miliyan 3.1. Dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, shi ma ya fi ƙarfin talaka.

Saboda haka ni hankalina ya fi karkata ga watanni shidan farko, lokacin da F ke tsare jariri. Saifa na cikin gaɓoɓin da ciwon ke fara lalatawa, kuma yaron da saifarsa ta daina aiki, ƙwayar cutar da wani zai warke daga gare ta tana iya kashe shi cikin yini guda. Binciken da Marilyn Gaston ta jagoranta a 1986 ya nuna cewa fenisilin na sha kullum yana rage irin wannan kamuwar da kashi 84 cikin 100. A haɗa da allurar rigakafi, da gidan sauro, da maganin kariya daga maleriya, da koya wa uwa yadda za ta taɓa cikin ɗanta ta gane saifa ta kumbura. Duk waɗannan ba sa yiwuwa sai an san yaron SS ne kafin ciwon ya fara nuna kansa.

An riga an gwada hanyar a kusa da mu. Cibiyar binciken sikila ta Jami'ar Abuja, ƙarƙashin Farfesa Obiageli Nnodu, ta kai gwajin nan-take, mai buƙatar ɗigon jini kawai ba tare da wutar lantarki ba, zuwa wuraren rigakafin yara a ƙananan asibitocin Gwagwalada tsakanin 2017 da 2019. An gwada jarirai sama da 3,600, aka gano sama da 50 masu ciwon, aka haɗa su da asibiti tun ba su fara kwanciya ba. Ma'aikatan da ke yin allurar rigakafi ne suka yi gwajin, a ranar da uwa ta riga ta zo da kanta.

Matsalar Mararaba ita ce zamanta a bakin iyaka. A taswira tana Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, ana yanke shawarar lafiyarta a Lafiya, alhali guminta a Abuja yake zuba. Shirin da aka tsara don Babban Birnin Tarayya yakan tsaya a Nyanya, na jiha kuma yana fama da yawan jama'ar da ya zarce abin da aka yi kasafi dominsa. In aka bi lissafin Gwagwalada, a cikin kowane jarirai 100 da ake kaiwa rigakafi a asibitocin Mararaba da Masaka, ɗaya ko biyu na ɗauke da balin a sarƙoƙin beta biyun duka. Gwajin da zai gano su yana ɗaukar kimanin minti goma, kuma uwa na iya jiran sakamakon a kan bencin da take jiran allurar.